Hancin kare da hurumin kotu a barikokin sojan Amurka

Da safe a ƙofar barikin soja a Amurka, motoci kan yi layi, soja riƙe da igiyar kare yana zagaya su ɗaya bayan ɗaya. Idan karen ya sunsuni ƙofar bayan motar wani mai gyaran famfo ya zauna ya kafe ta da ido, zaman nan shi ne maganarsa, kuma daga nan lamarin ya shiga hannun shari'a.

Tambayar farko ita ce ta hurumi. In direban soja ne, dokar shari'ar soja da ta fara aiki a 1951 ce ke kansa, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1987 a shari'ar Solorio, kasancewarsa soja kaɗai ya isa a gurfanar da shi a kotun soja, ko da laifin bai shafi aikinsa ba. In farar hula ne, kotun soja ba ta da iko da shi a lokacin zaman lafiya, kamar yadda kotun ta nuna a 1957 a shari'ar wasu mata biyu da aka tuhuma da kashe mazajensu sojoji a Ingila da Japan. Akan miƙa shi ga hukumomin farar hula, kwamanda kuma yana iya haramta masa sake taka barikin. Wannan rabon ya yi daidai.

Inda nake da ja shi ne nauyin da ake ɗora wa hancin karen. A 1983 Kotun Ƙoli ta ce sunsunar jaka a filin jirgin sama ba bincike ba ne da ke bukatar takardar izinin alƙali, ko da yake a 2013 ta ce kai kare bakin ƙofar gidan mutum bincike ne. Ƙaramin soja da ke kwana a ɗakin bariki bai samu cikakkiyar wannan kariya ba, domin ƙa'ida ta 313 cikin ƙa'idojin shaida na kotunan soja ta ba kwamanda damar shiga da kare ya duba ɗakunan don tabbatar da lafiya da ɗa'ar rundunarsa, ba tare da yana zargin kowa ba. Idan karen ya zauna a gaban akwatin wani, kwamanda ne ke ba da izinin buɗewa, kuma a laifin ƙwaya har yanzu kwamandoji ne ke yanke shawarar kai mutum kotu. Shi ke kiɗansa, shi ke rawarsa. Gaskiya ne ƙa'idar ta hana a fake da duba ɗakuna don farautar mutum guda, amma tabbatar da abin da ke zuciyar kwamanda aiki ne ja ga lauyan ƙaramin soja.

Masu goyon bayan tsarin za su tuna mana da motar bam da ta kutsa barikin Beirut a 1983 ta hallaka sojojin Amurka 241, kuma suna da hujja. Sai dai karnukan da ake horarwa a sansanin Lackland da ke Texas, akan koya wa kowane ɗaya ko dai warin abubuwan fashewa ko na ƙwaya, ba duka biyu ba. Kuskuren karen bam asarar sa'o'i ce a bakin ƙofa, kuskuren karen ƙwaya kuwa yana iya zubar da mutuncin wanda bai ji ba bai gani ba, don haka bai dace a auna su da mudu ɗaya ba.

Kuma kare yana kuskure. A wani nazari na Jami'ar California da ke Davis a 2011, an sa karnuka 18 da masu riƙe su bincike a ɗakunan da babu ƙwaya ko bam, aka gaya wa mutanen cewa jar takarda alama ce ta wurin ɓoyo, sai aka samu nunin ƙarya sama da 200, musamman a inda mutanen suka sa rai. Lauya ba zai iya yi wa kare tambayoyi ba, saboda haka littafin horonsa, da adadin lokutan da ya zauna aka buɗe ba a ga komai ba, ya kamata su isa hannun wanda ake tuhuma, izinin bincike kuma ya fito daga alƙalin soja da ba ya ƙarƙashin kwamandan.

Akwai kuma batun wanda ke ɗaukar alhaki idan aka juya karen ya zama makamin tsoratarwa. Bayan fitar hotunan cin zarafin fursunoni a kurkukun Abu Ghraib na Iraki, kotun soja ta samu masu riƙe karnuka biyu da laifi a 2006, Saje Michael Smith da Saje Santos Cardona, kuma dukansu sun kafa hujja da cewa daga sama aka amince da amfani da karnukan. Smith ya samu ɗaurin kusan wata shida. Kanar Thomas Pappas, shugaban sojojin leƙen asiri a kurkukun, wanda ya amsa cewa ya ba da izini ba tare da amincewar na gaba da shi ba, takardar gargaɗi da tara ya samu, bai tsaya gaban kotun soja a matsayin wanda ake tuhuma ba.