Fitilar rana da mai babur

Wani rahoto ya ce kunna fitilun mota da rana yana rage haɗari, kuma na yarda da hakan a ƙasashen da hasken rana ke ƙaranci, kamar Suwidin wadda ta wajabta shi tun 1977. Sai dai an manta da mai babur, wanda fitilarsa guda ɗaya ce ke sa direba ya hango shi kafin ya karya kwana a mahaɗar hanya. Idan kowace mota tana haskawa, wannan ɗigon haske sai ya saje da sauran. Ga kuma direbobin da magariba ke riska da fitilun baya a kashe, saboda gabansu na haskawa sun ɗauka komai a kunne yake. Shin an ƙirga haɗurran masu babur daban, ko an cuɗa su cikin jimillar?