Yadda Hunturun Kano Ya Kayar da Fiyanona Ɗan Japan

Da na yi ritaya daga koyarwa, abokaina suka zuba kuɗin sallamarsu a kiwon kaji, ni kuwa na sayi fiyano, domin tun muna kwalejin horon malamai nake da burin mallakar irin wanda muke leƙawa ta tagar ɗakin taro. A wani shago a Legas na same shi, ɗan gwanjo daga Japan, baƙi wuluk yana sheƙi, kuma da mai shagon ya danna shi sai da tsigar jikina ta tashi. Ya rantse mini cewa wata tsohuwa ce mai shi, ba ta taɓa shi sai ranar Lahadi.

Ƙarti shida ne suka shigar da shi falo, bayan an cire ƙyauren ƙofa, saboda nauyinsa ya haura kilo 200. Uwargida ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, wannan kabad ɗin ina wurin rataye kaya a cikinsa?" Ban tanka mata ba.

A watan Oktoba ya iso, kuma ya yi mini biyayya har hunturu ya kankama. Daga nan sautinsa ya fara karkacewa, ta yadda duk waƙar da na kaɗa sai ta fito kamar kukan tsohon injin markaɗe. Wata rana a Janairu, cikin tsakar dare, muka ji ƙara tas daga falo. Na fito da taɓarya a hannu ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, na haska ko'ina ban ga ɓarawo ba, ashe katakon fiyanon ne ya tsage.

Da ƙyar na samo wani dattijo mai gyara daga Jos, na biya masa kuɗin mota zuwa da komawa. Ya buɗe cikinsa ya nuna mini wayoyi fiye da 200, waɗanda ya ce jansu gaba ɗaya ya kusa tan 20, kowace tana naɗe a jikin ƙusa da aka kafa cikin katako. Katakon nan ya yi shekaru yana shan danshin Japan, ya zo Legas ya tarar da irinsa, shi ya sa ya yi mini daɗin baki a shago. Fiyano yana son danshin iska kashi 40 zuwa 50 cikin 100, hunturunmu kuwa yakan sauke shi ƙasa da 20, sai katako ya ƙanƙance, ƙusoshi su saki, siririn allon da ke fitar da sauti ya tsage. Na ce, "Baba, to mene ne maganinsa?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, maganinsa na gaskiya shi ne ka koma Legas da zama." Da ya ga na ɓata rai, sai ya ce in ajiye kwanonin ruwa a ƙasan cikinsa.

Haka na zama mai shayar da fiyano safe da yamma, a lokacin da muke sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Da damina ta sauka kuma na manta da kwanonin, danshi ya yi yawa, madannai guda 7 cikin 88 suka kumbura, in ka danna su sai su zauna a ƙasa abinsu. Sauro ya mamaye falon, muka yi ta zargin kwatar maƙwabta, har ranar da autarmu ta buɗe murfin ƙasa ta tarar da 'ya'yan sauro suna iyo, ga kuma ɓera ya yagi ulun 'yan gudumomin da ke bugun wayoyin ya yi wa iyalinsa shimfiɗa.

Yanzu a kansa uwargida take jera kulolin abinci. In baƙi suka yaba kyan kabad ɗin, nakan gyara zama in ce musu daga Japan aka kawo shi.