Byang Kato da tambayar wa zai koyar da fasto

Ranar 19 ga Disamba 1975 teku ta ci Byang Kato, malamin tauhidin Kirista ɗan Najeriya, a gaɓar Mombasa da ke Kenya, inda ya je hutu da iyalinsa. Shekararsa 39. Kafin nan ya riga ya zama babban sakataren ikkilisiyar ECWA a 1967, ya yi jawabi a babban taron masu bishara na duniya a Lausanne ta Switzerland a 1974, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, wato AEAM, a 1973.

Ban ɗauko labarinsa don jera muƙamai ba. Yau idan ka bi titunan Kaduna ko Jos, da girman allon talla da yawan jama'ar taron farkawa ake auna mai wa'azi. Kato bai bar majami'a mai ɗauke da sunansa ba. Abin da ya hana shi barci shi ne: ikkilisiya tana ta yaɗuwa kamar wutar daji, to wa zai koyar da masu kiwon garken? Ya sha faɗa cewa yaƙin ruhaniya a Afirka a fagen tauhidi za a yi shi. A ganina wannan damuwar ce gadonsa na gaskiya, kuma ita ce muka fi sakaci da ita.

Ɗan Kwoi ne, a ƙasar Jaba, an haife shi a 1936 a gidan da ke riƙe da addinin gargajiya, har an ɗora masa begen gadon aikin tsafin gidan. Ya karɓi bishara yana ɗan shekara 12 a makarantar mishan ta SIM. Daga nan sai makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, sai Landan, sai Dallas a Amurka inda ya sami digirin dakta. Da ya zauna a Nairobi a matsayin babban sakataren AEAM bai ɓata lokaci ba: ya matsa a kafa manyan makarantun tauhidi biyu, ɗaya ga masu Faransanci, ɗaya ga masu Turanci, da hukumar da za ta riƙa tantance ingancin karatun fastoci. Bai ga ko ɗaya da idonsa ba. An buɗe ta masu Faransanci a Bangui a 1977, ta masu Turanci kuma a Nairobi a 1983. Tokunboh Adeyemo, wanda ya hau kujerarsa ta AEAM daga baya, shi ya jagoranci masana 70 'yan Afirka suka fitar da sharhin Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya a 2006.

Masu sukarsa suna da abin faɗa, kuma bai kamata a toshe kunne ba. A littafinsa Theological Pitfalls in Africa na 1975 ya far wa malaman tauhidi John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Najeriya, yana ganin suna buɗe ƙofar gauraya bishara da gargajiya. Kwame Bediako na Ghana, shi ma malamin tauhidi, ya zo daga baya ya nuna cewa Kato ya duba al'adun Afirka da tabarau na malamansa Turawa. Na yarda ya yi zafi, kuma a wasu wurare bai yi wa Mbiti adalci ba. Matashi ne da ya fito daga karatu jininsa na tafasa. Amma a ce bakin Turawa ya ara, wannan ban karɓa ba. Mutumin da ya tashi a cikin gidan tsafi ba a littafi ya karanta tsoron dodo ba. Kuma shi ne dai ya ce Kiristan Afirka ya zama Kirista ɗan Afirka, da harshensa da kiɗansa da tufafinsa.

To a nan ne nake ganin magadansa suka tsaya rabin hanya. Makarantun tauhidi na Jos da Kagoro suna yaye masu digiri, madalla. Sai dai akasarin karatun da rubutun da Turanci ake yi, alhali dubban ikkilisiyoyi daga kudancin Kaduna zuwa Filato, Bauchi, Gombe da Adamawa da Hausa suke sujada. Tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma littattafan da za su taimaki fasto ya shirya wa'azi, ko ya san yadda zai zauna da gwauruwar da aka kashe mijinta a gona, ba su taka kara sun karya ba.

Mai bisharar ƙauye yakan yi wata da watanni babu wani dattijo a cikin aikin da ya taka ya zauna da shi, ya ji wa'azinsa, ya gyara masa. Abin da ke kan teburinsa Littafi Mai Tsarki ne da littafin waƙoƙi, sai wayar da ke kawo masa bidiyon masu wa'azin arziki daga Legas. Daga baikon Lahadi ɗaya na manyan majami'un Abuja za a iya biyan masu fassara da masu buga littattafan da yake bukata.