Wankan rafi bai isa kurtu ba

Na yarda da wani labari da na karanta cewa koyon iyo ya zama dole ga kowane kurtun soja, amma an tsallake inda wahalar take. Malam da ka yi sharhi a kan labarin cewa ai yaranmu sun saba wanka a rafi, don Allah ka taɓa faɗawa ruwa da kaki da takalmin soja a ƙafa? Ƙanena a makarantar sojan ruwa ta Onne a jihar Ribas ya yi horo, yanzu yana aiki nan Apapa. Yaron da ke ƙetare gulbin garinmu da damina, amma ya ce da kayan suka jiƙe sai ya ji kamar an ɗaura masa buhun siminti. Abin da ke ceton rai shi ne natsuwa, da iya tsayuwa a ruwan da ƙafa ba ta taɓa ƙasa, da dabarar cire wando a ƙulle ƙafafunsa a cika shi da iska a rataya a wuya. Ya gwada min a bakin teku, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ni sojan ƙasa ne suka fi damuna. A yaye yaro a Daffo, makarantar horar da kuratan sojan ƙasa ta Zariya, gobe a sa shi a kwalekwale zuwa tsibiran tafkin Chadi. Awa nawa ya yi cikin ruwa kafin nan, kuma rigar kariya daga nutsewa tana isar kowa?