Shayina ta zagaye da jan biro

Wata huɗu ke nan da wata likitar abinci a nan birnin Liyon na Faransa ta zagaye shayina da jan biro, kuma har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini a wuya. Likitan unguwarmu ne ya tura ni wurinta, bayan gwajin jini ya nuna sukarina na safe, kafin in sa komai a baki, ya kai giram 1.14 a lita. A nan sun ce daga 1.10 ka kama hanya, in ya kai 1.26 a gwaji biyu kuwa ciwon sukari ya tabbata. Nauyina a lokacin kilo 79, ni da na bar Garwa ta Kamaru a 2016 da kilo 61, har Goggo tana tsokanata wai iska za ta ɗauke ni kafin jirgi ya ɗauke ni.

Matar ta ba ni takarda, ta ce in rubuta duk abin da na ci na sha har kwana bakwai. Na rubuta tsakani da Allah, ko loma ɗaya ban ɓoye ba. Da na koma sai ta bi layi-layi, ta tsallake biskit, ta tsallake cakulan, ta zo kan shayi kofi uku a rana, kowanne da ƙwayar sukari huɗu, ta zagaye shi. Ta ɗago ta yi mini irin murmushin nan nasu da bai wuce leɓe ba, ta ce, "Madam, na gane, al'adarku ce, ku mutanen Afirka akwai son zaƙi."

Lissafinta dai ba ƙarya a ciki. Ƙwayar sukarin nan ta Faransa kusan giram 6 ce, goma sha biyu sun kai wajen giram 70. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, in da hali ma ya tsaya a 25. Ke nan da shayi kaɗai na haure katanga. Na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗora wa Garwa laifin kilo 18 da Liyon ta ɗora mini. Wannan shayin da shi na tashi a unguwar Yelwa, da shi na yi budurci, kuma zanen da na ɗinka a lokacin yanzu ko rabin ƙuguna ba ya rufewa.

Bari in gaya muku yadda zaƙi yake a ƙasar nan, don waɗanda ke gida suna zaton Bature ganye kawai yake ci. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi, wani mako da rana, wani mako da dare. A ɗakin da muke hutawa akwai tebur, kuma tun da na fara aiki ban taɓa ganin teburin nan fayau ba. Dangin tsoho sun zo ziyara, sun bar kwalin cakulan. Wata ta cika shekara, ta kawo kek. Wata za ta bar aiki, kek. A bakin ƙofa ga inji mai gilashi a tsaye, da fitila a ciki dare da rana, ka manna masa kati ya tunkuɗo maka abin da ka nuna. Ba mai kallonka, ba mai cewa "a ci lafiya", ba yaron da zai tsaya a gefe yana haɗiyar yawu har kunya ta sa ka gutsura masa.

Shekararsu ma da zaƙi aka jera ta. Disamba akwai wani cakulan da ake naɗewa a takarda mai ƙyalli, da kek mai siffar gungumen itace. Janairu ana shiga sai wani faifan fulawa mai man shanu da almon a ciki, ana ɓoye ɗan mutum-mutumi a tsakiya, wanda ya tsinta a rabonsa a sa masa hular sarauta ta takarda, shi kuma ya sayo na gaba, haka za a yi ta yi har wata ya ƙare. Ranar 2 ga Fabrairu ta wainar fulawa ce, a shafa mata sukari ko cakulan. Kafin a huta mutanen Liyon sun fito da wani soyayyen abu dangin cincin, an barbaɗe shi da garin sukari fari fat. Sai Ista, ƙwai na cakulan, zomo na cakulan. Ban ma yi maganar almon ɗin da suke lulluɓewa da jan sukari su cusa a burodi ba, wanda garin nan ke taƙama da shi. Ƙarfe huɗu na yamma kuwa yara na da nasu cin zaƙin na musamman da an tashi makaranta. Waɗannan mutanen ne ke ce mini ni ce mai al'adar zaƙi.

Gaskiya suna ƙoƙari ta wani gefen. Sun cire injinan nan daga makarantu tun 2005, sun sa haraji a kan lemon kwalba a 2012, a 2017 suka fito da alamar Nutri-Score, harafi daga A zuwa E a jikin fakiti, kore zuwa ja-ja, don ka san abin da ka ɗauka. Ko tallar biskit ake a talabijin sai an rubuta gargaɗi a ƙasa, wani lokaci cewa a guji ciye-ciye tsakanin abinci. Sai dai ni abin dariya yake ba ni. Ka cika wa akuya ɗaki da dusa, sannan ka liƙa mata takarda a ƙofa.

Mu ma ba tsarkaka ba ne, laifi tudu ne. Kawuna ciwon sukari ya ci masa ƙafa har aka yanke, kuma har ya koma ga Allah yana ɓoye lemon kwalba na Top a ƙarƙashin gado. Mace ta yi ƙiba mu ce ta murje, miji ya iya kiwo. Zoɓonmu na biki cokali ya kusa tsayawa a ciki. Duk na sani. Amma a gida zaƙi da iyaka yake zuwa. Kwalin sukarin Sosucam ɗin Inna a ɗakinta yake, cikin kwalla, kuma ta san adadin ƙwayoyin da ke ciki fiye da yadda ta san shekarunmu. In ya ƙare a aike ka da dala biyar wurin mai tebur. Alewa sai an samu canji. Cincin da dubulan sai salla ko biki. Kuma wa zai zauna yana tauna shi kaɗai a gidan da ke da mutum goma sha huɗu? Ga tafiya kasuwa a ƙasa, ga daka, ga ɗebo ruwa, ga ranar Afrilu da ke narkar da mutum ko bai motsa ba.

Takardar nan da ta zagaye ni na sake karanta ta a gida, na ga abin da ita ba ta gani ba, don na rubuta har da lokaci. Shayin nan yana da sa'arsa, safe, la'asar, bayan isha. Biskit da cakulan kuwa duk sun taru a wuri biyu: ƙarfe uku na dare a wurin aiki, da ƙarfe biyar na yamma in na shigo ɗaki. Na daren ba abin mamaki ba ne, wanda bai samu barci ba yunwa ke ƙaruwa masa, jikinsa kuma abu mai zaƙi da maiƙo yake nema. Na yamman ne ya ba ni tsoro. A lokacin sanyi ƙarfe biyar duhu ya yi a nan. In murɗa makulli, in yi sallama don sabo, ba mai amsawa. In ajiye jaka, kafin in cire takalmi hannuna ya kai kan kabad. Ba yunwa nake ji ba. Wannan sa'ar ce a gida ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ana tsintar shinkafa, Inna na faɗa da yara, maƙwabciya ta leƙo aron rariya ta zauna har magariba.

Abin da na yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Na daina sayo biskit gaba ɗaya, don ni da shi ba za mu kwana ɗaki ɗaya ya wayi gari ba. Da safe na koma ƙwai ko wake maimakon burodi da cakulan, sai na ga ina kai azahar cikina bai yi kuka ba. Aikin dare ina tafiya da gyaɗa soyayya ɗan dunƙule da dabino uku, ba bakwai ba, don dabinon ma sukari ne, duk albarkarsa. Lemon gwangwani na sallame shi da na ji Coca-Cola ɗaya ta santilita 33 na ɗauke da giram 35. In na tashi aiki da rana ina sauka kafin tasharmu in taka a bakin kogin Ron, ko da yake bai kama ƙafar Binuwai ba, ba masu wanki, ba masu kwalekwale, sai masu gudu da waya a kunne. Kilo biyar sun tafi. Sauran ina bin su a hankali.

Shayi kuwa na rage masa ƙwaya biyu, ban bar shi ba, kuma ba zan bari ba. Ganyen ma sai na je unguwar Giyotiyar nake sayo shi, da citta da kanumfari, a shagunan 'yan Afirka inda aƙalla in ka yi sallama za a amsa. Na mayar da shi ƙarfe biyar daidai, in ɗora butar in kira Inna a WhatsApp, in jingina wayar da gwangwanin madara. Ba wata magana muke yi ba. Wani lokaci ta manta da ni ma, ta ci gaba da aikinta, ina jin ƙarar turmi da kukan awaki da muryar wani yaro da ban san ɗan wane ne ba, don bayan tafiyata aka haife shi. Sai in duba in ga an yi magariba a can, kabad ɗin nan ban buɗe shi ba.

Shekaranjiya ta kawo fuskarta dab da wayar ta ƙare mini kallo. Ta ce, "Ke, lafiya kike kuwa? Wuyanki ya fito." Na ce, "Inna, da gangan ne, likita ce ta ce in rage." Ta yi tsaki. Ta ce, "Sukari nawa kika sa a shayin nan?" Na ce biyu. Ta juya ta ƙwala wa Goggo kira, wai ta zo ta ga abin da Turai ta mayar da ni.