Tsofaffin injina suna Sharaɗa, amma a Linux ba a san da mu ba

A 2021, cikin Linux 5.13, aka goge direbobin katin siriyal na Cyclades da RocketPort (wato kod ɗin da ke sa kwamfuta ta yi magana da katunan da ake haɗa ta da injina ta waya) daga kanel, zuciyar manhajar Linux, saboda babu mai kula da su kuma babu wanda ya fito ya ce yana amfani da su. Ni dai wallahi ban ga laifin masu gogewar ba. Duk sanda aka taɓa sashen tty, wato ɓangaren kanel da direbobin siriyal ke ƙarƙashinsa, sai an bi direbobin nan ɗaya bayan ɗaya an daidaita su, mutum yana gyaran kod ɗin katin da bai taɓa riƙewa a hannu ba, ba shi da injin gwaji, ko ya ɓata ma ba zai sani ba, ai wannan aikin baban giwa ne.

Inda nake ja shi ne ɗaukar shiru a matsayin babu kowa. Ku leƙa masana'antun Sharaɗa ko Bompai ko Challawa, sikelin auna tirela, injin gwajin jini a lab, har inbatar sola, ku duba bayansu za ku ga soket ɗin nan mai fil tara da ƴan noti biyu a gefe. RS-232 ke nan, tsarin siriyal ɗin da katunan nan ke aiki da shi, tun 1960 yake. Kayan da Turai ta gaji da su mu ake kawo wa a kwantena, kuma babu mai yar da injin miliyoyi don kawai kwamfutar da ke jan sa ta tsufa.

Wani zai ce a sayi adaftar USB mana a Beirut Road. To, tana yi, in ka dace ba jabu ba ce, don a 2014 direban Windows na FTDI, kamfanin da ke yin cip ɗin irin adaftar nan, ya riƙa kashe na jabun gaba ɗaya.

Direban 8250, mai jan soket ɗin siriyal na gama-gari, wanda sunansa ya samo asali daga cip ɗin IBM PC na 1981, babu inda za shi, su Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da kanel, na tsaye a kan sashen. Katunan nan masu baki takwas ko sha shida su ne a bakin rami. Kuma in za ka taimaka ba sai ka iya rubuta C, yaren da ake rubuta kanel da shi, ba, ka ɗora sabon kanel na gwaji a kwamfutar da ke jan tsohon injin, ka aika wa masu kula da kanel imel ka ce na gwada, yana aiki ko ba ya yi. Ɗaliban kwamfuta na BUK da ke neman abin furojet duk shekara, Sharaɗa fa kuɗin adaidaita ne kawai daga tsohuwar makaranta.