Wa Ya Ce Mun Ƙi Sabon Abu?

A wani taron bita da aka shirya wa masu casar shinkafa, wani jami'i ya tsaya a gabanmu ya ce babbar matsalar Arewa ita ce mutanenta ba sa son sabon abu, sun fi ganewa su ci gaba da abin da suka gada. Na zauna ina saurarensa zuciyata tana tafasa, domin a daidai lokacin da yake wannan magana, injin casa na zamani da na saya a farkon 2023 yana can a Kura lulluɓe da tamfol, ya yi wata biyar bai motsa ba.

Gona guda da shanu biyu na sayar, na haɗa da ɗan abin da na tara, na sayi injin da yake cashe shanshera, ya fitar da buntu, ya tsince tsakuwa, ya goge ƙwayar har ta yi sheƙi. Kowa ya san abin da ya daɗe yana karya darajar shinkafar gida: uwargida ta dafa, maigida ya tauna tsakuwa, washegari ya ce a sayo 'yar waje. A watannin farko dillalai har ƙofa suke zuwa, su damƙi shinkafar a tafin hannu suna juyawa, suna tambaya ko da gaske a nan aka cashe ta.

Amma injin ba ya cin yabo, wuta yake ci. Ana kawo mana ita da tsakar dare na awa biyu ko uku, sau da yawa kuma ba ta da ƙarfin da za ta tayar da shi, sai ya yi gurnani ya tsaya da shinkafa a cikinsa. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit bisa alƙawarin awa 20 a rana, mu kuwa da ba ma cikin rukunin sai muka koma cin ragowa. A watan Oktoban shekarar, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wanda ya rage yana kawo wuta daga Kudu shi ma ya faɗi, Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu a farkon kaka. Na koma kan janareta, alhali litar dizal ta haura naira 1,000, duk buhun da na cashe kuma ribarsa a tankin mai take ƙarewa.

Wannan hawa da sauka na wuta ne ya ƙone na'urar da take sarrafa injin. Na zaga kasuwannin Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano ban samu ba, makanikan da na kira kuwa suka buɗe suka leƙa, suka faɗa mini gaskiya cewa ba a koya musu irinsa ba. Wanda ya sayar mini ya ce sai an yi odar ta daga Sin, da dala, dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati lokacin da na sayi injin, ta kuma haura 1,500 shekara guda bayan haka.

Da na nufi banki, sai aka nemi takardar mallakar fili da gwamna ya sa wa hannu, ni kuwa filin da nake aiki a kai gadon mahaifina ne, shaidarsa dagaci da maƙwabta. Ko da takardar tana hannuna, ta yaya mai casa zai biya kuɗin ruwa alhali na Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024? Wannan ma ban shiga batun riba ba, wanda yake hana da yawa daga cikinmu kusantar irin wannan bashi tun farko.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maƙwabtana uku da suka yi niyyar sayen irin injina sun fasa, kuma ban ga laifinsu ba, tun da da idonsu suka ga yadda ta kaya da ni. Yarana shida na sallami huɗu, na dawo da tsohon injin mahaifina mai jan bel, mata biyu kuma suna zaune a inuwar rumfa da faifai suna tsince tsakuwa da hannu.